Hedifon ɗin da na saya lokacin jinyar Mama

Ƙarya uku na shirga wa mai shagon a Sabon Gari ranar da na je sayen hedifon. Ya tambaye ni me zan yi da shi, na ce gem, da kiɗa, da tafiya. Gem ɗin dai ina ɗan taɓawa, ƙwallo a kwamfuta in aiki ya yi sauƙi. Kiɗa ina ji kamar kowa. Tafiya kuwa ba ta wuce Kaduna neman maganin Mama, in je in dawo a rana ɗaya. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya fito da ni daga Samaru a ranar. Abin da zai hana ni jin nishin mahaifiyata na je nema, kuma har yau in na faɗi haka sai na ji kunyar kaina.

Mama malamar firamare ce da ta yi ritaya. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Ciwon daji ya kama ta a inda ba za ta iya nuna wa kowa ba, ta yi ta ɓoyonsa har ya shiga ƙashi. Da likita ya duba, sai ya ce a koma gida a riƙa ba ta maganin rage zafi. Mu biyu ta haifa. Ƙanwata tana aure a Kafanchan da ɗanyen goyo, iyakarta waya da kuka. Gwaggo, ƙanwar Baba, takan zo daga Bomo da safe ta yi mata wanka ta canza mata zane, ta koma kafin rana ta raba. Daga nan jinya ta zama tawa. Na kwaso kwamfutata daga shagon da nake buga wa ɗalibai takardunsu, na kafa ta a falo, bango ɗaya tsakanina da gadon Mama.

Ni ne ɗan farinta, kuma Mama ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Coci bai rage mata komai a ciki ba, boko ma haka. Ba ta kiran sunana. “Kai yaron nan,” shi ke nan. Ta taɓa riƙe ajinmu a firamare, in tana kiran rajista ta iso kaina sai ta yi shiru, ta ɗaga ido ta ga ina nan, ta sa maki ta wuce. ’Yan aji suka yi ta yi mini tsiya da wannan har muka gama. Ƙanwata kuwa a kira sunanta, a ja kumatunta, a yi mata faɗa da baki cike. Manya suna ce mini ai so ne ya yi yawa. Ni dai haushi na taso da shi, ban ɓoye ba.

Da ta kwanta, sai Gwaggo ta ajiye mata kofin silba da cokali a gefen gado. In tana bukatata sai ta ƙwanƙwasa. Matan zumunta na cocinmu sukan zo ranar Laraba su cika ɗakin da waƙa da addu’a, kowace ta ce, “Ya jiki, Malama?” ita kuma ta ce, “Da sauƙi.” Ƙashin bayanta yana cinyewa, amma da sauƙi. Ni ma in na tambaya abin da nake samu ke nan, har na fara jin tsanar kalmar.

Wata rana da la’asar na fita sayen katin waya, na kai bakin titi na tuna ban ɗauki wayar ba, sai na juyo. Da na iso jikin tagarta sai na ji wata murya da ban san Mama tana da ita ba. Ihu ne mai kauri, daga can cikin ciki, ya tsaya ya sake tashi. Na tsaya na kasa gaba na kasa baya, can na yi gyaran murya na taɓa ƙofa da ƙarfi. Ɗif, ihun ya ɗauke. Na leƙa na ce, “Mama, ya jiki?” Zufa ta jiƙa mata filo, ta ce, “Da sauƙi. Ka dawo ke nan?”

Bayan wannan ciwon ya fi ƙarfin dauriyarta. Ba ta ihu in ina gida, amma takan cusa bakin zane a baki ta yi nishi. Silin gidanmu na kwali ne, bangon bai kai rufi ba, komai ƙanƙantar sauti sai ya tsallako. Ina buga takardar wani ɗalibi a kan takin zamani, nishin yana shigowa tsakanin layi da layi. In na tashi na shiga, ta yi shiru ta juya fuska bango. In na dawo na zauna, ya ci gaba. Ba ta bari in taimaka, ba ta kuma barina in huta. Na fara ɓata aikin mutane, na fara yi wa Gwaggo tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ƙaramin iyafis ɗin wayata, na cusawa a kunne, ba ya tare komai. Ranar wata Asabar da Gwaggo ta ce za ta wuni, na hau bas zuwa Sabon Gari.

Mai shagon Ibo ne haifaffen Zariya, Hausa a bakinsa kamar tawa. Shagon ɗan tsukuku ne a layin masu kayan waya, janareto uku suna ruri a ƙofa, mai sayar da lasifika na kusa da shi ya ƙure kiɗa. Da na gama jero masa ƙaryata sai ya sauko da guda biyu ya ajiye a kan gilas.

“Wannan bayan shi a buɗe ne,” ya ce, yana nuna mini wata raga a bayan kunnen. “Sautin shi faɗi, kaman kana cikin hol. Kunne ba ya zufa. Amma duk abin da ake a waje za ka ji, kuma na kusa da kai zai ji abin da kake ji. A mota, sai an zage ka.”

Na tura shi gefe ban ko ɗaga ba.

“To ga mai rufaffen baya. Wannan in ka sa, kai da abin ka ne. Na waje ba ya shiga sosai, na ciki ba ya fita. In gem ne, za ka ji takun mutum a bayan ka. Matsalan shi zafi. Watan Afrilu kunnen ka zai dahu.”

Ya ɗauko na uku, mara igiya, mai caji, ya ce shi wannan kashe ƙara yake da kansa. Ya sa mini ya danna wani maɓalli, rurin janareton nan ya lafa kamar an rufe shi da bargo. Na ji daɗi har na fara murmushi. Sai ya yi magana, na ji shi tas.

“Ai ina jin ka,” na ce.

“Eh mana. Injin yake kashewa, da ƙaran mota. Muryan mutum yana wucewa.”

“Ni muryar mutum nake so ya tare.”

Ya dube ni ya kwashe da dariya. “Oga, madam dey worry you? Matan ka ne ke damun ka?”

Na ce eh. Ƙarya ta huɗu ke nan, don ko budurwa ba ni da ita a lokacin.

Daga nan ya ɗauki abin da gaske, don mutum ne da ya san sana’arsa. Ya ce in muryar mutum ce, soson kunnen ne magana, da yadda abin ya matse kai. Ya sa na gwada guda huɗu. Ɗaya soson ya zauna a kan kunne maimakon ya zagaye shi, ya ce wannan ba zai yi ba. Ɗaya ya yi sako-sako. Ya lura da tabarauna, ya ce ƙafar tabarau tana ɗaga soso ta bar ƙofa, sai an sami mai kauri da laushi da zai haɗiye ta. Ya ba ni shawara in ɗauki mai igiya tunda wutarmu sai a hankali. A ƙarshe ya miƙo wani baƙi mai nauyi, ya ce in sa in juya masa baya. Babu kiɗa, ya kira ni da ƙarfi, na ji shi can nesa kamar daga ɗakin maƙwabta. Ya jona a wayata ya kai sautin rabi, ya sake kirana. Ban ji komai ba sai da ya dafa kafaɗata, na juyo na ga jijiyar wuyansa a tashe saboda ihun da ya sha. Shi na ɗauka. Na jefar da kwalin tun a tasha, na cusa hedifon ɗin ƙasan jaka don kada Gwaggo ta gani.

Kwana huɗu na yi cikin jin daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na gama aikin da ya taru. Na ci kofi biyu a gem. Na je Kaduna na dawo ban ji surutun kowa a mota ba. Nakan duba agogo in cire shi duk bayan rabin awa in leƙa Mama, daga baya rabin awar ta zama awa.

A rana ta biyar na shiga na tarar da rabin jikinta a ƙasa, hannu ɗaya ya maƙale a ƙarfen gado. Kofin ya gangara ƙarƙashin kujera, cokalin yana hannunta har yanzu. Ruwa take so, ta yi ta ƙwanƙwasawa har kofin ya faɗi, ta miƙa ta ɗauko shi ta zame. Ban san tsawon lokacin da ta yi a haka ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin tambaya ba. Na ɗaga ta, ba ta kai nauyin buhun gari ba. Na ba ta ruwa. Ina jiran faɗa, ina ma so a yi mini. Ita kuwa idonta yana kan abin da ke rataye a wuyana.

“Mene ne wannan?”

“Na jin kiɗa ne, Mama.”

“Shi ya sa ba ka ji kofin ba?”

Na sunkuyar da kai.

“In ka sa, ba ka jin komai?”

“In da kiɗa, ba na ji.”

“Ko kaɗan?”

“Ko kaɗan.”

Ta maida numfashi. Sannan ta ce, “Gobe in Gwaggon ka ta tafi, ka zo da shi nan. Ka kawo kujeran ka.”

Washegari na yi yadda ta ce. Ta sa na ajiye kujerar a jikin gado, daidai inda hannunta zai kai gwiwata, amma fuskata tana kallon taga. Ta ce in kunna. Na kunna, na ƙara sauti. Ina kallon labule da bishiyar gwaibar maƙwabta, sai na ji ƙarfen gadon yana girgiza a jikin ƙafar kujerata. Sai a lokacin na gane. Wata da watanni matar nan tana haɗiye ihunta saboda ina gida, ni kuma ina can ina jin haushin ta hana ni aiki. Bayan kamar minti ashirin ta taɓa gwiwata. Na cire. Idonta ya yi ja, muryarta ta dushe, amma fuskarta ta saki yadda na daɗe ban gani ba. Ta ce in ba ta kunu, ta sha kusan rabin kofi.

Haka muka koma yi kullum. Ba mu taɓa maganar ba, ko Gwaggo ba ta sani ba. In zafin ya taso sai ta ce, “Kai yaron nan, sa abin ka.” Kunnena ya yi ta zufa yadda mai shagon ya faɗa, soson ya fara wari, gefen kaina ya yi ciwo saboda matsi. Na ƙoshi da waƙoƙin wayata har na tsane su.

Sai aka yi kwana biyu babu wuta. Ina zaune a kujerar, waƙa tana tsakiya, wayar ta mutu. Na ɗaga hannu zan cire ke nan na ji muryarta. A dushe take zuwa, kamar ta bayan ƙofa, amma tsakaninmu bai fi taku ɗaya ba, kowace kalma tana isowa. Na mayar da hannuna kan cinya. Ita ba ta da yadda za ta san kiɗan ya tsaya, tunda dama ba ya fita waje.

Ashe ba ihu kaɗai take yi ba, magana take. Tana yi wa Allah faɗa kamar yadda take yi wa ɗan aji da bai yi aikin gida ba. Shekara nawa tana share masa coci, me ta yi masa? Ta juya kan Baba, ta ce ya tafi ya bar ta da wahala, shi ya sami mutuwa mai sauƙi a kan kujera. Ta ce tana jin tsoro. Ta faɗa ta sake faɗa, tana jin tsoro, ba ta shirya ba, ƙarya take yi wa matan zumunta. Ban taɓa jin Mama ta ce tana tsoron wani abu ba, ko maciji.

Sannan ta kira sunana.

Cikakkensa, yadda aka rubuta a takardar baftisma. Ta faɗe shi a hankali kamar mai gwada ko bakinta zai iya. Ta sake. Ta ce na rame. Ta ce ranar da aka haife ni ruwa ake yi, kakata ta karɓe ni daga hannunta, ita kuma ta juya kai don kada a ce ta cika rawar jiki a kan ɗan fari, alhali ji take kamar ta fizge ni. Ta ce in yi haƙuri.

Shekarata talatin da ɗaya a lokacin. Abin da na yi ta jira tun ina ɗan aji uku ya zo, ni kuma ina zaune ina kaɗa kai kamar mai bin kiɗa, hawaye suna shiga mini baki. Ban isa in share ba, don za ta ga hannuna ya tashi. Da ta taɓa gwiwata sai na yi kamar atishawa ta kama ni, na goge fuska da riga kafin in juyo.

Daga ranar ban sake kunna komai ba. Aka kawo wuta, na yi caji, amma nakan sa hedifon ɗin ne kawai in zauna. Na san sata nake yi. Ta ba ni amana a kan ba na ji, ni kuma ina kwashe duk abin da ta zubar. Sau da yawa na ce gobe zan kunna, goben ta zo in kasa. Wani lokacin sunan kawai take ta maimaitawa tsakanin nishi, babu wata magana a bayansa. Kowane kira sai “na’am” ta taso mini har maƙogwaro in danne ta. Lissafina shi ne, in na amsa, kunya za ta rufe ta, ta koma cusa zane a baki, in raba ta da ɗan abin da ya rage mata na sauƙi. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar, ina tsoron in na amsa ta daina kira.

Ranar Talatar ƙarshe jikin ya yi tsanani. Maganin ya daina yi mata komai. Ta yi ihu har muryar ta ƙare, saura iska. Ta huta. Sai ta kira ni, amma ba kamar na sauran ranakun ba. Wannan kira ne irin na wanda yake jiran a amsa, da ɗan ɗaga murya a ƙarshe. Ta saurara. Ta sake kira. Na ƙura wa gwaibar nan ido, na ci gaba da kaɗa kai. Ta kira na uku, ta jira har na ji kamar ƙirjina zai fashe.

Can ta taɓa gwiwata. Na cire na juyo, na ce, “Mama, ruwa?”

Ta girgiza kai. Ta ɗaga yatsa da ƙyar ta nuna ƙasa. Na bi yatsan da ido. Kan igiyar hedifon ɗin yana kwance a kan siminti kusa da ƙafar gado, wayar kuma tana kan tebur can gefe, inda na bar ta tun safe. Na manta ban ko jona ba.

“Kai yaron nan,” ta ce, “igiyan ka ya fita.”

Ta faɗa ne kamar yadda za ta ce maɓallin rigata ya ɓalle. Ba ta dube ni ba, bango take kallo. Na tsaya da abin a hannu. Da na ce “na’am, Mama” a lokacin, ko a makare, da ta ji. Bakina ya buɗe. Sai na ga yadda ta ƙanƙame bakin zane, kunyarta ta kama ni ni ma, na duƙa na ɗauki igiyar, na jawo wayar na jona.

Ba ta sake cewa in sa abina ba. Laraba matan zumunta suka zo, ta ce musu da sauƙi. Alhamis da safe Gwaggo tana goge mata jiki, ina tsakar gida ina wanke kofinta, Gwaggo ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ina ganin fuskarta na san Mama ta cika.

A wajen jana’iza shugabar zumunta ta tashi ta ce tun da Malama ta kwanta ba wanda ya taɓa jin ta ce wash, ga ɗanta nan da ya yi jinya, a tambaye shi. Coci duka ya juyo yana kallona. Na gyaɗa kai.

Ban sani ba ko ranar ce kaɗai ta ga igiyar, ko ta daɗe da sanin ina ji. Na juya abin ta kowace fuska, babu wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne ta kira ni sau uku tana jira, ina zaune taku ɗaya daga gadonta, ban amsa ba.